Tambayi Likita: In je a duba mini jijiyoyin jini tun ban ji ciwo ba?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 54. Bara yayana ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, alhali ko ciwon kai bai taɓa kuka da shi ba. Tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. Na ji ana ɗaukar hoton jijiyoyin wuya da na ciki don a gano matsala da wuri. In je a yi mini? Maigidana kuma shekarunsa 67, ya daɗe yana shan taba kafin ya bari.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yayanki lafiya. Bari in fara da maigida, don ya fi ki buƙatar hoton. Akwai babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta ratsa ciki, faɗinta kamar santimita 2. A wasu mutane bangonta kan yi rauni, ta riƙa kumbura a hankali ba zafi ba komai, sai ranar da ta fashe. In ta kai santimita 3 ana sa mata ido lokaci-lokaci, in ta kai 5.5 sai a fara maganar tiyata. A Amurka ana ba namiji mai shekara 65 zuwa 75 da ya taɓa shan taba shawarar yin hoton sau ɗaya, a Ingila kuwa ana kiran maza a shekarar da suke cika 65. Na'urar da ake duba mai juna biyu ce, a shafa masa mai a ciki, cikin kwata na awa an gama. Ki lallaɓa shi ya je, na san halin maza da asibiti.

Ke kuwa, ba na saurin tura wanda bai ga wata alama ba hoton wuya. Sau da yawa akan ga ɗan cushewar da ba za ta taɓa cutar da mutum ba, daga nan gwaji ya bi gwaji, wani har a kai shi tiyata, alhali ita kanta tiyatar tana iya jawo shanyewar jikin da ake gudu.

Abin da nake so ki yi cikin makon nan shi ne awon jini. Ki zauna ki huta minti biyar kafin a ɗaura miki abin awon, kuma a maimaita a wata rana. In yana kaiwa 140/90 ko sama, hawan jini ne, shi ne kan gaba wajen jawo abin da ya sami yayanki. A haɗa da gwajin suga da na kitsen jini.

In kuma sharaɓarki na ciwo idan kina tafiya, ya lafa da kin tsaya, ki faɗa wa likita, zai auna jini a idon sawu ya kwatanta da na hannu. Amma ranar da baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko da ya sake ki bayan mintoci, a kai ki asibiti nan take.