Na buge yaro a ƙofar makaranta, iyayensa sun yafe: saura me a kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan adaidaita sahu ne a Kano. Ranar wata Talata, daidai lokacin tashin 'yan firamare, na zo wucewa ta ƙofar wata makaranta inda aka zana fararen layukan tsallaka titi. Wani yaro ɗan shekara 7 ya fito a guje, na taka burki amma na buge shi. Na kai shi asibiti da kaina, bayan kwana biyu Allah ya yi masa rasuwa. Mahaifinsa ya ce ya yafe, ƙaddara ce. Abokan sana'ata suna cewa babu komai a kaina tunda yaron ne ya faɗo mini. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri, kai kuma ya saka maka da ba ka gudu ka bar shi a kwance ba.

Ɗan'uwana, abin da ya faru kisan kuskure ne, kuma lamuninsa yana wuyanka. Malamanmu sun yi maganarsa tun zamanin raƙuma da dawaki. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta duk suna lamuntar abin da ta taka. Dabba ma ke nan, mai tsorata ta yi tutsu. Keke kuwa ba ya motsi sai da hannunka. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar ɓarnar da ya yi, sai in abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata, ko aikin wanda aka buge ne ya yi rinjaye wajen jawo haɗarin, ko laifin wani ne dabam.

Nan abokanka suka fake, kuma ban yarda da su ba. Da babban mutum ne ya tsallako shingen babbar hanya cikin dare ya faɗo gabanka kana tafiya daidai ƙa'ida, da sai mu duba maganarsu. Amma wannan ƙofar makaranta ce, a kan layin da doka ta ba mai tafiya a ƙasa haƙƙin wucewa kafin abin hawa, kuma a sa'ar da kowa ya san ƙasa takan cika da yara. Fitowar ɗan shekara 7 a guje a irin wannan wuri abu ne da duk direba ya kamata ya sa ran gani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce an ɗauke alƙalami a kan yaro har ya balaga. To ta yaya za mu ɗora masa hankalin da baligin da ke riƙe da kan keke bai yi ba? Ka ce ka taka burki. Tambayar ita ce da wane gudu ka shigo. In gudu ya ninka biyu, tazarar da burki ke buƙata kafin ya tsayar da kai takan ninka huɗu. Wanda burkinsa bai tsayar da shi a ƙofar makaranta ba, gudunsa ya fi ƙarfin wurin.

Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu: diyya da kaffara. Diyya haƙƙin magada ce, raƙuma 100 ko dinare 1,000, kimanin giram 4,250 na zinare, kuma a asali dangin mai kisan na wajen uba ne ke haɗa ta cikin shekara uku. Magada suna da ikon yafe ta ko su yi sulhu a kan abin da ya sauƙaƙa. Sai dai ka ce mahaifinsa ne ya yafe. Ina mahaifiyarsa? Tana da rabo a diyyar ɗanta: kashi ɗaya cikin shida in yaron yana da 'yan'uwa biyu ko fiye, in ba haka ba kashi ɗaya cikin uku. Miji ba ya yafe rabon matarsa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin sau da yawa a zauren makoki ake cewa "mun yafe" alhali uwar tana ɗaki ba wanda ya tambaye ta. Ka tura dattawanka da wata dattijuwa su ji ta bakinta, ba tare da matsi ba. In ta yafe, shi ke nan. In ta nemi haƙƙinta, a je gaban alƙali.

Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, yafewar iyaye ba ta sauke ta. Tunda babu bawan da za a 'yanta a yau, azumin wata biyu a jere ne a kanka, kuma ayar ba ta ambaci ciyarwa a madadinsa ba. Ka zaɓi watannin da Ramadan ko ranar Sallah ba za su ratsa ba. In ka sha da gangan sai ka faro daga farko. In rashin lafiya ce, da ka warke sai ka ɗora daga inda ka tsaya.

In hukuma ta tuhume ka da tuƙin ganganci, wannan horo ne da shari'a ta ba shugaba ikon yi, yafewar iyaye ba ta hana shi. Ka faɗi gaskiyar gudun da kake yi, kada ka ba kowa cin hanci don a rufe maganar. Wallahu a'alam.