Alhaji, kada ka taɓa jarin shago don sayen kyamara

Wani mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ɗansa ya gama karatu, ya matsa a ba shi naira miliyan 2 daga jarin shago ya sayi kyamara da fitilu da kwamfuta, ya buɗe tasha a YouTube. Wai dala za ta riƙa shigowa duk wata. Ya ba shi ko ya hana?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka cire kuɗin nan yanzu, amma kuma kada ka kashe wa yaron gwiwa.

Bai yi maka ƙarya ba, YouTube na biya. Sai dai kafin a fara raba kuɗin talla da mutum, dole tasharsa ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma mabiya 1,000 ɗin da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ɗauko kalkuletarka: idan kowane mai kallo ya tsaya minti 3, sai an kalle shi sau 80,000 kafin awannin nan su cika. In an karɓe shi, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo nasa ne, sauran na kamfani. Kuma ko sisi ba ya fita sai ya taru ya kai dala 100.

Ga inda samari suke tsallakewa. Masu talla sun fi sakin kuɗi a kan mai kallo da ke Amurka ko Ingila, nesa ba kusa ba, fiye da na Kano ko Maraɗi. Bidiyon Hausa kuwa mu ne masu kallonsa. Shi ya sa za ka ga masu fina-finai masu dogon zango suna cusa tallar magani ko ta filaye a tsakiyar shiri, don kuɗin YouTube kaɗai bai cika riƙe su ba. Ga data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a 2025, ga man janareta.

Abin da ɗanka bai lura da shi ba, yana da abin da yawancin masu tasha ba su da shi, wato haja. Wayar hannunsa ta isa. Saya masa ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, da sandar kafa waya, da fitila ɗaya. Ya tsaya a shago ya warware turmi a gaban waya, ya matso da bakin zanen a ga rubutun kamfani, ya juya ciki da baya a ga yadda rini ya ratsa, ya murza shadda a ji ƙararta, ya nuna yadda ake gane ta ainihi da ta kwaikwayo. Minti ɗaya ya wadatar. Ya ɗora a TikTok da Instagram da WhatsApp, da lambar shago a jiki. Matar da ke haɗa lefe a Abuja ko Yamai irin wannan take nema, kuma ribar turmi biyar da za ta saya a ranar za ka ƙirga ta.

Ku yi yarjejeniya ta kasuwanci, ba ta uba da ɗa ba. Yanka masa la'ada a kan duk cinikin da bidiyonsa ya kawo, a tanadi littafi, duk wanda ya kira a tambaye shi inda ya gan ku. Kuɗi ya shiga asusun shago, ba nasa ba. Kada a kai kaya tashar mota sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, domin masu turo alat na bogi sun fi son sabon shiga. Ya kuma guji ɗora waƙar wani a YouTube, don mai waƙar na iya karɓe kuɗin tallan bidiyon.

Ba shi wata shida, zai fi kyau a haɗa da kakar Sallah. In littafin ya nuna la'adarsa na taruwa, ya sayi kyamarar da ita, kai ka cika masa rabi a matsayin bashi, a rubuce, da shaidu biyu.