Kullutu a Wurin Allurar Insulin

Tambaya: Likita, ina yin allurar insulin ta ciwon sukari a cinya. Wurin ya yi kullutu, kuma wani lokaci sai jiri da gumi da rawar jiki su kama ni. Me ke jawo haka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kullutun nan kitse ne da ya taru saboda yawan soka allura wuri ɗaya, kuma maganin ba ya shiga jini daidai ta cikinsa, shi ya sa sukarinki ke hawa da sauka. Ki bar wurin ya huta. Ki riƙa zagayawa tsakanin ciki da cinyoyi, kina barin tazarar faɗin yatsa daga inda kika soka a baya, da sabon tsinke kowane lokaci. Amma ki fara ganin likitanki, domin lafiyayyar fata ta fi jan maganin, wataƙila a rage miki adadin.

Jirin nan kuwa alamar faɗuwar sukari ce, musamman idan awon sukarin jini ya nuna ƙasa da 70 mg/dL. Nan take ki jiƙa sukari ƙaramin cokali 3 a ruwa ki shanye, ki sake awo bayan minti 15, sannan ki ci abinci. Ki gaya wa mutanen gida: idan kin suma, kada su ɗura miki komai a baki, su garzaya da ke asibiti.