Siririn Littafi, Kuɗi Mai Kauri: Amsoshi Kan Sayen Wasannin Kwaikwayon Ƙasar Ailan

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan makon, duk a kan littattafan wasan kwaikwayo na marubutan Ailan na wannan zamani. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin amsarta ta shafi sauran.

Daga wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a Zariya: "Malam, barka da aiki. Malamin da ke duba aikina ya ce in yi nazari a kan wasannin Conor McPherson. Na nemi *The Weir* a intanet, na ga kuɗinsa ya haura fam 10, wato kusan naira 20,000 tun kafin a zo maganar kuɗin aikowa. Littafin ko shafi ɗari bai kai ba, ga kuma ƙagaggen labari mai shafi 400 a gefensa da kusan wannan farashi. Wannan ba cuta ba ce? Me ya kamata in saya?"

Ƙanwata, akwai tsada kam, amma ba cutar ki aka yi ba. Takardar da kike auna kaurinta ita ce mafi arha a cikin abin da kike biya. Kafin littafi ya fito sai an sallami edita, da mai tsara shafuka, da mai zanen bango, kuma wannan ɗawainiya kusan ɗaya ce ko kwafi dubu za a buga ko dubu hamsin. Labarin da ya samu karɓuwa yana raba nauyin a kan mutane masu ɗimbin yawa. Masu sayen wasan kwaikwayo kuwa ƙalilan ne: ɗalibai irinki, 'yan wasa, daraktoci, sai wanda ya je kallo ya fito yana son ya sake bin maganganun a gida. Duba wasannin Hausa da ke shiga manhajar jarrabawar sakandare. Suna da sauƙin kuɗi ne don duk shekara akwai dubban yara da dole su saya. Wasan da bai samu wannan gata ba, 'yan tsirarun masu sayensa ne ke ɗauke da nauyinsa.

Akwai wani dalilin kuma. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka rushe yarjejeniyar da ta hana masu shaguna a Birtaniya karya farashin littafi, don haka kuɗin da aka rubuta a bayan bango shawara ce kawai. Manyan dillalai suna zabga ragi a kan littattafan da ke tafiya da sauri, amma ba su cika damuwa da siririn wasan da zai yi wata da watanni a kan kanta ba. Ƙila shi ya sa kika ga sun yi kunnen doki da labarin mai shafi 400. Kada kuma ki zaci kuɗin aljihun marubucin suke shiga. Mai shago da mai rarrabawa ke kwashe kaso mafi tsoka, marubuci ba kasafai rabonsa ke wuce kashi 10 cikin 100 ba. Abincin marubucin wasa yana fitowa ne daga kuɗin ƙofa da kuɗin izinin nunawa.

To, me za ki saya? Kada ki sayi *The Weir* shi kaɗai. Kamfanin Nick Hern Books na Landan, wanda aka kafa a 1988 kuma wasan kwaikwayo ne sana'arsa, shi ke buga McPherson, ya kuma tattara ayyukansa a kundi-kundi. Kundi na biyu, *Plays: Two*, yana ɗauke da *The Weir* tare da *Dublin Carol* da *Port Authority* da *Come On Over*. Irin wannan kundi kuɗinsa bai cika kai na wasa biyu ba, ga shi kin samu huɗu, kuma kuɗin aikowa sau ɗaya za ki biya. Ga mai nazari kuwa ribar ta wuce ta kuɗi. McPherson, wanda aka haifa a Dublin a 1971, ya fara ne da wasannin da mutum ɗaya ke tsayawa gaban 'yan kallo yana zuba labari shi kaɗai, irin su *Rum and Vodka* da *St Nicholas* da ke cikin kundi na farko. *The Weir*, da aka fara nunawa a gidan wasa na Royal Court da ke Landan a 1997, ya kuma ci kyautar Olivier ta sabon wasa mafi kyau a 1999, shi ne inda ya zaunar da masu ba da labarin a ɗaki ɗaya suna jin juna. Bayan haka, a *Port Authority* na 2001, ya sake komawa ga maza uku kowa na maganarsa ba tare da ya kula ɗan'uwansa ba. Idan wasa ɗaya kika karanta, ba za ki ga wannan kai-komon ba, alhali a nan babi guda na aikinki yake kwance.

Ki yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, akwai bugun Amurka mai suna *The Weir and Other Plays*, kuma "sauran wasannin" da ke cikinsa su ne na farko-farkon nan. Idan kika haɗa shi da *Plays: One* kin sayi abu ɗaya sau biyu. Na biyu ya fi muhimmanci. A Landan al'ada ce a buga sabon wasa domin ya kasance a teburin sayarwa daren da aka buɗe shi. Royal Court ma ta daɗe tana sayar da rubutun wasan a matsayin takardar shirin kallo, da kuɗi kaɗan. Wannan yana nufin an kai shi maɗaba'a tun 'yan wasa suna gwaji. Ki buɗe shafukan farko na irin waɗannan bugu, sau da yawa za ki tarar da ƙaramin rubutu yana cewa an buga kafin a gama gwaji, don haka yana iya ɗan saɓa wa abin da aka gani a dandamali. Marubuci yakan yanke layi, ya sauya ƙarshen fitowa, ya gyara a bugu na gaba. Saboda haka ki tambayi malaminki wane bugu ke hannunsa, ki sayi irinsa. In ba haka ba, ranar kare aiki zai buɗe shafi na 40 ya nemi maganar da kika kawo ya rasa ta.

Hanyoyin rage kuɗi kuwa: na hannu a shafuka irin su AbeBooks da World of Books yakan faɗi ƙasa da rabi, sai dai kuɗin aikowa zuwa Najeriya na iya ninka kuɗin littafin, don haka in kina da mai dawowa daga Ingila, a kai masa can ya riƙo miki. Kwafin karantawa a waya ko kwamfuta ya fi sauƙi, ba ya kuma kwana a hanya, amma lambobin shafinsa ba su cika dacewa da na takarda ba. Kafin duk wannan ma, ki leƙa ɗakin karatun jami'arku ki tambaya ko suna da rajista da Drama Online, rumbun intanet da ya tattara wasannin da kamfanonin Methuen da Faber da Nick Hern ke bugawa. In suna da ita, kin huta.

Abu ɗaya ban yarda ki yi ba: sauko da kwafin sata da aka ɗauka da kyamarar waya. Ban da haƙƙin mai shi, sau da yawa akwai shafin da ya ɓace, kuma a wasa irin wannan shafi ɗaya na iya zama tsakiyar labarin da komai ya rataya a kansa.

Daga shugaban wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa a Kano: "Ranka ya daɗe, wani abokina ya kawo min *The Weir* tsaraba, na karanta ya shiga raina. Muna so mu nuna shi, wataƙila ma mu mayar da shi Hausa. Tunda littafin nawa ne, ba sai in yi fotokwafi in raba wa yarana mu fara gwaji ba?"

Malam, na gane abin da ya ja ka. Wasan mutum biyar ne kacal, maza huɗu da mace ɗaya, a ɗaki ɗaya, a dare ɗaya, babu sauya labule babu kayan ado masu tsada. Ƙauye ne a arewa maso yammacin Ailan, iska na kaɗawa a waje, mazan suna so su burge baƙuwar da ta taso daga Dublin, sai suka shiga ba ta labaran tsoro. Na farkonsu a kan gidan da aka gina bisa hanyar aljanu ne, ana jin ƙwanƙwasa ƙofa da dare a buɗe ba kowa. Daga nan kowane labari yana ƙara matsowa kusa da mai ba da shi, har matar ta buɗe baki ta faɗi abin da ya raba ta da birni, ɗakin ya yi tsit. Ba zan ɓata wa waɗanda ba su karanta ba. Ɗan kallon Kano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kafin ya shiga wannan hira.

Amma littafin da ke hannunka izinin karantawa kawai ya ba ka. Nunawa a gaban jama'a haƙƙi ne dabam, fassarawa ma haƙƙi ne dabam, kuma duk suna hannun marubucin, wanda yake raye. Dokar Ailan da ta Birtaniya da ta Najeriya duk sun kare irin wannan aiki har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ko ba ku karɓi kuɗin ƙofa ba, izini na nan a kanku. Juya bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, za ka ga gargaɗi da adireshin wanda ake rubuta wa. Yawanci an raba, masu yi don sha'awa da makarantu ga inda za su nufa, ƙwararru ga nasu. Ka rubuta tun kafin ku fara gwaji, ka faɗi yawan kujerun zauren, da sau nawa za ku nuna, da nawa za ku karɓa a ƙofa, domin da waɗannan ake yanke kuɗin. Ka faɗa musu gaskiyar ƙarfinku. Tambaya ba ta cin ko sisi, kuma gara a ce maka a'a yau da a tsayar da ku ana saura kwana uku.

Batun fotokwafi ma haka yake: abin da aka saba shi ne a saya wa kowane ɗan wasa kwafinsa, kuma masu bugawa sukan yi ragi ga ƙungiyar da ta sayi da yawa. Don irin wannan aiki ne ake da bugun 'yan wasa, na kamfanoni irin su Dramatists Play Service na New York da Samuel French: bango ba ado, takarda mai arha, an yi shi ne don a naɗe a cusa a aljihu a yi ta zane da fensir.

Sai ka yi tunanin wani abu tun yanzu. Wurin da ake hirar mashaya ce, ana ta zuba giya daga farko har ƙarshe, bakin mutanen kuma ba ya rabo da ashar. In ka ce za ka mayar da wurin teburin mai shayi ka wanke musu baki, to ka sauya wasan, kuma sharaɗin izini galibi shi ne ba a taɓa rubutu sai da yardar marubuci. Ka sa wannan a cikin wasiƙarka ɓaro-ɓaro.

In abin ya gagara, Ailan tana da tsofaffin da ba mai tambayar ka kwabo a kansu. J. M. Synge ya rasu a 1909, ayyukansa suna nan kyauta a Project Gutenberg, rumbun tsofaffin littattafai na intanet. *Riders to the Sea* gajere ne ƙwarai, labarin uwar da teku ke cinye 'ya'yanta maza ɗaya bayan ɗaya, za ka iya fassara shi ka sarrafa yadda kake so. An ma taɓa yin irin haka ta ɗaya ɓangaren: a 2007 Bisi Adigun, ɗan Najeriya mazaunin Ailan a lokacin, da Roddy Doyle, marubuci ɗan Ailan, suka sake rubuta *The Playboy of the Western World* na Synge, suka mai da jarumin ɗan Najeriya da ya sauka a Dublin, aka nuna a gidan wasa na Abbey. Sai dai shi wannan sabon rubutun yana da masu shi. Na Synge na asali ne kawai ya zama na kowa.

Daga wani ma'aikacin jinya a Manchester: "Na kalli fim ɗin *The Banshees of Inisherin*, aka ce min marubucinsa, Martin McDonagh, da wasan dandamali ya fara. Na ga bugun farko na *The Beauty Queen of Leenane* mai sa hannunsa ana sayarwa da kuɗi mai yawa. In saya?"

Ɗan'uwa, in karatu kake so, bar shi. Maganganun da ke ciki su ne a cikin kundin *Plays: 1* na Methuen, wanda ya haɗa wannan wasa na 1996 da *A Skull in Connemara* da *The Lonesome West*, duk ukun a yankin Connemara na yammacin Ailan suke faruwa. Sa hannu kuwa sai wanda ya san harkar ke iya bambance na gaske da na jabu, kuma siririn littafi mai bangon takarda ba kadara ba ce da za ka dogara da ita.

Tunda kana Ingila, fara da ɗakin karatu na unguwarku. Katin shiga kyauta ne, in ba su da shi sukan nemo maka daga wani reshe. Karanta ɗaya tukuna kafin ka zuba kuɗi, domin McDonagh na dandamali ya fi na fim ɗin nan zafin hannu. Barkwancinsa da zubar da jini tare suke tafiya, kuma abin da ke tsakanin uwa da 'yarta a wasan da ka ambata ba kowa ke iya kai shi ƙarshe da daɗin rai ba. In ya yi maka, *The Pillowman* na 2003 ne na gaba, amma shi Faber ce ta buga, ba za ka same shi a kundin Methuen ba, sai ka saye shi dabam.