Shin guguwar kishin ƙasa za ta wargaza Tarayyar Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kusan duk zaɓen da aka yi a Turai sai mu ji jam'iyyun masu ra'ayin riƙau, masu adawa da baƙi da kuma ikon Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, sun ƙara samun kujeru. Tun da Birtaniya ta riga ta fice, shin ana iya cewa Tarayyar Turai ta kama hanyar wargajewa ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, na gode da wannan tambaya. A fahimtata Tarayyar ba ta kama hanyar wargajewa ba, sai dai tana sauya kamanni, domin jam'iyyun da kake magana a kansu sun daina neman ƙofar fita, sun koma neman kujera a cikin zauren da ake yanke shawara.

Tarayyar ta samo asali ne daga yarjejeniyar kwal da ƙarfe ta 1951, wadda ƙasashe shida suka sanya wa hannu don kada Faransa da Jamus su sake gwabza yaƙi. Shekaru da dama shugabanni suna ƙara miƙa iko ga cibiyoyin Brussels ba tare da talaka ya damu ƙwarai ba, har zuwa 2005, lokacin da masu zaɓe a Faransa da Holan suka yi watsi da daftarin kundin tsarin mulkin Turai a ƙuri'ar raba gardama. Daga nan rikice-rikice biyu suka zurfafa ɓarakar. Na farko shi ne rikicin bashin Girka da ya ɓarke a 2010, inda Girkawa suka ga an tilasta musu tsuke bakin aljihu daga waje, Jamusawa kuma suka ga ana biyan bashin wasu da harajinsu. A cikin wannan yanayi aka kafa jam'iyyar AfD ta masu ra'ayin riƙau a Jamus a 2013, kuma da adawa da kuɗin Yuro ta fara. Na biyu shi ne kwararar 'yan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya a 2015, da yawansu daga Siriya, abin da ya ba waɗannan jam'iyyu makamin da suke amfani da shi har yau.

Ficewar Birtaniya ita ce ƙololuwar wannan guguwa, kuma ita ce ta sauya mata alƙibla. An kaɗa ƙuri'ar a ranar 23 ga Yuni, 2016, inda kusan kashi 52 cikin 100 suka zaɓi fita, amma ba a kammala ficewar ba sai 31 ga Janairu, 2020, bayan taƙaddamar da ta ci kujerar firaministoci biyu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Marine Le Pen, jagorar masu kishin ƙasa a Faransa, wadda a 2017 take neman a bar Yuro, ta ajiye wannan buƙata, kuma a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 2022 ta samu fiye da kashi 41 cikin 100. Giorgia Meloni ta hau mulkin Italiya a Oktoban 2022 da tarihin sukar Brussels, amma ta ci gaba da karɓar kuɗin farfaɗo da tattalin arziki na Tarayyar, ta kuma mara wa Yukren baya. Bayan zaɓen 2024, jam'iyyar Le Pen da ta Viktor Orban na Hangari suka haɗu da wasu suka zama rukuni na uku mafi girma a Majalisar Dokokin Turai.

Inda haɗarin yake, a ganina, shi ne tsarin yanke shawara. A manyan batutuwa irin su manufar harkokin waje, haraji da karɓar sabuwar ƙasa, sai dukkan ƙasashe 27 sun amince, wato gwamnati ɗaya tana iya hawa kujerar na-ƙi ta tsayar da sauran. A Disambar 2023 sai da Orban, firaministan Hangari a lokacin, ya fita daga ɗakin taro kafin sauran shugabanni su amince da buɗe tattaunawar shigar Yukren, kuma a taron nan ya toshe tallafin Yuro biliyan 50 ga Yukren, wanda bai samu amincewa ba sai Fabrairun 2024. Gyara wannan ƙa'ida na buƙatar sauya yarjejeniyoyin Tarayyar, sauyin kuma shi ma sai kowa ya yarda, don haka ban ga alamar za a kai ga gwamnatin tarayya guda nan kusa ba.

Duk da haka, idan tura ta kai bango ƙasashen sukan haɗa kai fiye da yadda ake zato. A Yulin 2020, lokacin annobar korona, sun amince su ciwo bashin Yuro biliyan 750 da sunan Tarayyar baki ɗaya, abin da Jamus ta daɗe tana ƙi. Kuma guguwar tana iya ja da baya, kamar yadda aka gani a Polan a ƙarshen 2023, sa'ad da Donald Tusk ya karɓi mulki daga masu ra'ayin riƙau da suka shekara takwas suna taƙaddama da Brussels kan 'yancin kotuna.

Babbar nasarar waɗannan jam'iyyu ita ce batun ƙaura, domin har jam'iyyun tsaka-tsaki sun rungumi matsayinsu, kuma yarjejeniyar ƙaura da mafaka da aka amince da ita a 2024 ta tsaurara tantance masu shigowa tun daga kan iyaka. Wannan ya daɗe da shafar yankinmu: dokar 2015 da Nijar ta kafa don hana safarar baƙin haure ta Agadez, wadda Turai ta mara wa baya, ta durƙusar da sana'ar direbobi da masu masauki da yawa kafin gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Abin da nake hasashe shi ne Tarayyar da za ta ƙara haɗa kai kan tsaro da tsare iyakoki, amma ta yi ta tafiyar hawainiya kan duk abin da ya shafi miƙa ƙarin iko ga Brussels, kuma zaɓen shugaban ƙasar Faransa na 2027 ne zai fi nuna iyakar wannan hasashe.