An naɗa ni kodinetan kamfe a ƙaramar hukumarmu, ta ina zan fara?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni matashi ne daga Jigawa, an ba ni kodineta na kamfen ɗin ɗan takarar shugaban ƙasa a ƙaramar hukumarmu. Guruf ɗinmu na WhatsApp a cike yake, a Facebook ma ana jin mu, in muka kira taro fili ya cika. Amma wani dattijo ya ce min ba mu da komai a ƙasa. Me yake nufi, kuma su wa ya kamata in ɗauka aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Dattijon nan gaskiya ya gaya maka, kar ka ji haushinsa, ka ma koma ka zauna da shi. Abin da yake nufi shi ne ba a filin taro ake ƙirga ƙuri'a ba, a rumfar zaɓe ake ƙirga ta, in ba ka da mutum tsayayye a kowace rumfa to abin da kake da shi taron tsintsiya ne ba shara.

A zaɓen 2023 INEC tana da rumfuna 176,846 a mazaɓu 8,809 cikin ƙananan hukumomi 774. In ka raba za ka ga kowace ƙaramar hukuma tana da mazaɓu goma ko goma sha ɗaya, rumfuna kuma sama da ɗari biyu, wata ta fi haka wata ba ta kai ba. To aikinka na farko ke nan, ka samo jerin rumfunan ƙaramar hukumarka da adadin masu rajista a kowacce, ka rubuta sunan mutum a gaban kowace rumfa. Duk layin da ya zauna babu suna, nan ne ramin da ƙuri'arku za ta zurare.

Mutane suna ruɗuwa da manyan kwamitoci. APC ta fitar da kwamitin kamfe mai mutum 422 a 2022, Simon Lalong ne darakta janar, PDP ta sa Aminu Tambuwal a nata. Waɗannan aikinsu kuɗi da jadawalin gangami da sasanta gwamnoni da magana da 'yan jarida, amma ba ɗaya daga cikinsu da zai san wace tsohuwa ce a unguwarku take buƙatar a ɗauko ta a Keke Napep ranar zaɓe. Ka duba CPC, jam'iyyar Buhari a 2011, Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 amma jam'iyyar ta tashi da gwamna ɗaya tal a Nasarawa, farin jini akwai shi, sai dai jam'iyya sabuwa ce ga kuma rikicin 'yan takara a Kano da Katsina. Sannan ka duba Kwankwaso da ya shiga NNPP a 2022, ko shekara ba a yi ba ya ci Kano a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 da ƙuri'a 997,279, domin mutanensa sun daɗe a mazaɓu, jam'iyya kawai suka canza. A ƙasar gaba ɗaya kuwa 1,496,687 ya samu, kashi biyu cikin uku daga Kano ke nan, duk da jam'iyyarsa ta miƙa wa INEC sunayen ejan, wato wakilan jam'iyya a rumfar zaɓe, sama da 176,000 kamar yadda APC da PDP suka yi. Kaga suna a takarda daban, mutumin da zai tsaya tun safe har dare daban.

To su wa za ka ɗauka? Ejan shi ne kan gaba, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Ya zama ɗan wannan rumfar ne, a nan ya yi rajista, ya san fuskokin mutanen layin, ya iya karatu da lissafi, yana da waya mai kyamara da caji, kuma ba mai saurin fushi ba ne don akwai masu tsokana da gangan a tada rigima a soke akwati. Kar ka yarda wani babba ya cika maka jerin da 'ya'yan gidansa saboda kuɗin ejan, wallahi wannan ita ce cutar da ta fi cin jam'iyyu. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a miƙa sunayen ejan da hotunansu aƙalla kwana 14 kafin zaɓe, saboda haka ba aikin daren jajibiri ba ne.

Kuma a koya musu aikin, a zaunar da su da samfurin takarda a hannu. Ya san ana buɗe rumfa 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana amma duk wanda ke kan layi sai ya yi zaɓe. Ya san na'urar BVAS ce ke tantancewa da yatsa ko fuska, in ƙuri'un da aka kaɗa suka fi adadin waɗanda aka tantance soke sakamakon rumfar ake yi. Ya duba takardar EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, da idonsa kafin ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto ya turo maka nan take, sannan ya bi akwati zuwa wurin tattara sakamako na mazaɓa. Tsohuwar maganar nan ta a kasa, a tsare, a raka, har gobe tana aiki. A 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau shafin IReV, inda INEC ke ɗora sakamakon rumfuna a intanet, a kan lokaci ba, da aka je kotu Atiku ya kira shaidu 27, Peter Obi ya kira 13, kotu ta ce wanda ke zargin maguɗi sai ya tabbatar da shi rumfa-rumfa ta bakin waɗanda suka gani da ido. Wanda ya gani da ido kuwa ejan ne.

Batun kuɗi, ko dubu goma-goma aka ba ejan ɗaya a kowace rumfa a faɗin ƙasa an doshi naira biliyan 1.8, alhali dokar 2022 biliyan 5 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa gaba ɗaya, shi ya sa kuɗin nan ke yawan maƙalewa a hanya. Ra'ayina a biya kowa kai tsaye a asusunsa, wani abu kafin zaɓe, ragowar in ya kawo kwafin EC8A, kuma a kai masa abinci da ruwa har rumfa. Ejan da ya tafi neman abinci da azahar, ko wanda aka bar shi da yunwa ga abokin hamayya da kuɗi a aljihu, kai ka jawo.

Bayan ejan sai masu shiga gida-gida, kuma a nan matasa irinku kuke yawan mantawa da mata. Kashi 47.5 na masu rajista a 2023 mata ne, kuma a garuruwanmu namiji ba ya faɗawa gidan mutane, sai mace 'yar unguwa wadda ake gani a biki da suna da adashi. Kowace rumfa ta samu mace ɗaya ko biyu da namiji ɗaya ko biyu, su riƙe littafi, wane namu ne, wane yana tunani, wane bai karɓo katinsa ba. Mutum miliyan 93.4 suka yi rajista a 2023 amma kusan kashi 27 ne kawai suka fito, ma'ana fito da naku da ke zaune a gida ya fi maka riba a kan yini kana musu da wanda ya riga ya yanke shawara.

Yaran soshiyal midiya da sojojin baka na rediyo suna da amfaninsu, ka bar su su yi, amma kar su cinye rabin kasafinka. 'Yan daba kuwa dan Allah kar ka kusance su, ran ɗan wani ne ake sawa a gaba, kuma mata na ganinsu suke komawa gida. Sayen ƙuri'a laifi ne, haka neman ƙuri'a cikin mita 300 daga rumfa ranar zaɓe, ka gaya wa mutanenka tun wuri.

Abu na ƙarshe da zai iya ba ka ciwon kai shi ne shugabannin jam'iyya na mazaɓa. Kai naɗa ka aka yi daga sama, su kuma ciyaman da sakatare da shugabar mata da shugaban matasa sun daɗe a wurin, in suka ga kamar ka zo ƙwace musu aiki za su naɗe hannu su zuba maka ido. Ka bi su gida ɗaya bayan ɗaya, ku fitar da sunayen tare, amma kowane suna ka kira mai shi ka gan shi da idonka. Su kuma waɗanda suka naɗa ka, tun yanzu ka tambaye su wa zai biya ejan, nawa ne, kuma yaushe kuɗin zai iso.