Cilin kaza da burodin masara: amsa ga amaryarmu ta Minneapolis

Assalamu alaikum, 'yan uwa barkanmu da yamma. Amarya, ƙanwata, na ji muryarki tun da safe, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Kin ce maƙwabciyarki, 'yar Amurkar nan da ta musulunta, ta kawo miki wata miya mai kauri ta wake da kaza, da wani abu kamar kek amma na masara, kin ji daɗinsa, kina son ki iya da kanki. To, miyar nan ita ce cili, ɗayan kuma burodin masara ne. Kuma wallahi na ji daɗi da kika tambaya yanzu, tun sanyin bai kankama ba.

Don wannan da kike gani a Nuwamba somin taɓi ne. Nan da Disamba ƙarfe 4 da rabi rana ta faɗi. A ƙarshen Janairun 2019 sanyin garin nan ya sauka har digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin nan ƙasar, wajen 33 ƙasa da sifili ke nan a irin namu na gida. Shekarata ta farko na yi kuka ba sau ɗaya ba, ga duhu da wuri, ga kewar gida, ga dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa. Abin da ya riƙa kwantar min da rai shi ne tukunya tana tafasa a hankali, gida ya ɗau ɗumi da ƙamshi. Kuma ki duba abin da ke cikin cilin nan: wake, kaza, tumatir, barkono, masara. Babu baƙo a harshenmu ko ɗaya, haɗin ne kawai nasu.

Asalinta abincin Texas ce, da naman shanu ake yi. Tun wajen shekarun 1880 mata ke sayar da ita a dandalin garin San Antonio, a 1977 ma jihar ta ayyana ta a matsayin abincinta na hukuma. Mutanen can da yawa ba sa yarda a sa mata wake. Ta kaza daga baya ta zo, akwai fara akwai ja. Ja zan koya miki, ita ce ta fi kusa da miyarmu.

Yauwa, ɗauko biro. Cinyar kaza marar ƙashi fam 2, kusan kilo ɗaya. Cinya na ce, don ƙirji bushewa yake in ya daɗe a wuta. Shagunan 'yan Somaliya na unguwar Cedar-Riverside ko Karmel Mall za ki samu ta halal ba wahala. Albasa manya 2, tafarnuwa kamar ƙwaya 6, tattasai 2, attaruhu ɗaya ko biyu, shi ne suke rubuta wa habanero. Tumatirin gwangwani yankakke guda 2, waken gwangwani guda 3, masarar firiza kofi ɗaya, romo kofi 3.

Sai kayan ƙamshi, kuma nan nake so ki saurara da kyau. Garin da aka rubuta wa chili powder ba dakakken barkononmu ba ne. Haɗi ne na barkono marar zafi sosai, da kumin, da oregano, da tafarnuwa, shi ya sa za ki iya zuba babban cokali 2 ba fargaba. In kika ɗauko wanda aka rubuta wa cayenne kika zuba cokali 2, babu mai iya cin abincin. Ki ƙara kumin babban cokali ɗaya, wanda Larabawa ke ce wa kammun. Ƙamshin nan da kika ji a na maƙwabciyarki kika kasa gane ko mene ne, shi ne.

Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ki zuba mai kaɗan, ki soya kazar ta yi ja a gefe biyu, ki tsame. A cikin wannan man za ki soya albasa har ta yi laushi, sai tattasai, attaruhu, tafarnuwa. Ki zuba garin ƙamshin a cikin man ya soyu kamar minti ɗaya kafin ruwa ya taɓa shi, kin gane, nan ne yake buɗewa. Sannan tumatir, romo, gishiri, dunƙule, ki mayar da kazar, ki rage wuta, ki rufe. Bayan minti 30 ki tsamo ta ki yayyaga da cokali mai yatsu, ki mayar, ki zuba waken da kika ɗauraye da masarar, ki ba su minti 20. In kin ga ta yi ruwa, ɗebi ludayi ɗaya na waken ki murƙushe ki mayar, nan take za ta haɗe. In kin sauke ki matsa lemon tsami.

Waken namu mai baƙin ido ma yana yi, ni na sha yi da shi. In busasshe za ki dafa, ki bari ya nuna kafin ya haɗu da tumatir, don tsami yana hana wake laushi. Amma jan waken nan mai siffar ƙoda, in busasshe ne, sai kin jiƙa shi kin tafasa shi a wuta mai ƙarfi aƙalla minti 10. Kar ki zuba shi ɗanye a tukunyar lantarkin nan mai dafawa a hankali, yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa in bai sha tafasa ba. Na gwangwani an riga an dafa.

To sai burodin. Don Allah 'yan uwa duka ku ji wannan. Haɗaɗɗen garin kwali da ake sayarwa, musamman ƙaramin kwalin Jiffy na asali, akwai kitsen alade a ciki. Ku juya bayan kwalin, in kun ga kalmar lard, alade ne. Suna da wani da suka rubuta wa vegetarian, shi babu. Haka wasu gwangwanayen wake, ana dafa su da alade, kullum ku karanta. Ni dai haɗawa nake da kaina, minti 5 ne.

Garin masara kofi ɗaya, wanda aka rubuta wa cornmeal. Yana da ɗan tsaki-tsaki, ba lukwi ba ne kamar garin tuwo. Fulawa kofi ɗaya, bekin foda babban cokali ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari cokali 2 zuwa 4. A wani kwanon ki kaɗa ƙwai 2, narkakken bota kwatan kofi, da nonon da suke kira buttermilk kofi ɗaya. In babu, ki tsinka yogot marar sukari da madara, kamar dai yadda ake tsinka kindirmo. Ki haɗa su ki juya kaɗan, da kin daina ganin busasshen gari ki tsaya, ko da gudaji-gudaji a ciki. In kika buga shi kamar ƙullun ƙosai tauri zai yi.

Ki kunna obin a 400, wato 200 a namu. In kina da baƙin kaskon ƙarfen nan mai nauyi, ki sa shi a ciki da ɗan bota ya yi zafi tukuna, sannan ki juye ƙullun ki ji ya ce cuuu. Wannan ne ke ba shi ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras, wanda a gidana yara har rige-rige suke a kansa. Minti 20 zuwa 25, ki soka tsinke, in ya fito tas ya yi. Mutanen kudancin ƙasar nan ba sa son sukari a cikinsa, na arewa suna so da zaƙi. Ni na fi karkata ga mutanen kudu, cokali 2 ya ishe ni, don da miya mai yaji za a ci, ba da shayi ba.

Wajen ci, ki gutsuttsura shi a kwano da zafinsa, ki kwarara cilin a kai ya jiƙe. Kuma ki yi babbar tukunya, ta kwana ta fi ta yau daɗi nesa ba kusa ba. Kwana 3 zuwa 4 tana yi a firij, sauran ki rarraba a robobi ki sa a firiza saboda ranar da hanya ta rufe ba fita.

In ba ki da kaskon kar ki saya tukuna, ina da guda biyu, ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan biyo in kawo miki ɗaya mu yi na farkon tare. Bari in tashi, wayata ta kira magariba. A gaida mai gidan.